Na Je Ɗauko Yaya Habu

Mutumin da ya tare ni a filin jirgin sama na Washington sunansa Tanimu, kuma a motar yayana ya zo. Ban gane motar ba sai da na zauna na ga carbin mahaifinmu yana lilo a jikin madubi. Na ce, "Malam Tanimu, wannan ai motar Yaya Habu ce." Ya ce, "E, ina ɗan motsa masa ita ne. Motar da aka ajiye a sanyin nan mutuwa take yi." Na bar maganar a nan. Baƙuwa ce ni, kuma shi ne ya kira gida ya sanar da mu halin da ake ciki.

Sunana Rakiya, malamar firamare ce ni a Kano. Yaya Habu shi ne babba a ɗakinmu. Ina 'yar budurwa ya bi wata tawagar makaɗa zuwa Amurka da gurminsa. Tawaga ta koma gida, shi bai koma ba. Ya zama direban tasi, ya auri wata baƙar fatar Amurka suka haifi 'ya mace, suka rabu. Iyakar abin da muka sani ke nan. Amma duk Juma'a sai ya kira Inna, mahaifiyarmu. Da Juma'a ta wuce, wata ta sake wucewa babu kira, Inna ta daina cin abinci. Sai ga wayar Tanimu, wai Habu ya faɗi a bakin mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya tafi. An sha wahala kafin a ba ni biza. Da ta fito, magana ɗaya Inna ta yi min: "Ki ɗauko min shi. Ko a kwance ne, ki kawo shi."

Gidan Yaya Habu a wata unguwa mai suna Landover yake, ciki da falo a saman wani dogon bene mai warin soyayyen kifi. Muna shiga na tarar da wani ƙato a ɗakin kwana yana kallon ƙwallo. Tanimu ya ce ɗan haya ne ya saka, don kada ɗakin ya zauna haka nan. Ni aka nuna min falo. A bangon falon akwai ƙusoshi jere babu komai a jikinsu, a ƙarƙashin kowace ƙusa fenti ya fi haske, siffar wani abu kamar ɗan duma mai dogon wuya. Sai hotunan wani Bature mai dogon gashi: nan yana riƙe da jitar lantarki, can da wata babba ta katako, a ɗaya kuma da wata 'yar mitsitsiyar jita kamar ta wasan yara, yana dariya.

"Me aka cire daga nan?"

"Tarkacen kiɗansa ne," in ji Tanimu. "Na kai ajiya."

Ni matar aure, uwar 'ya'ya, ga ni a falo da namijin da ban sani ba yana ratsa ni zuwa banɗaki. Da hijabina nake kwana, a zaune, jakata a cinya.

Gidan jinyar da aka kai Yaya Habu ba shi da nisa in da mota, amma Tanimu ya ce aiki ya yi masa yawa. Na hau bas. Ni da nake koyar da Turanci a aji biyar, direban bas ya yi min magana ban tsinci kalma ɗaya ba. Na wuce tashar, na sauka a wani wuri da babu kowa sai motoci, na dawo da ƙafa cikin takalmin da na zo da shi daga Kano. Yatsuna sun daina jin ƙasa kafin in kai.

Na tarar da shi kwance yana kallon silin. Furfura ta cika masa kai, bakinsa ya karkace, hannun dama na ajiye a gefe kamar ba nasa ba. Na ce, "Yaya, ni ce Rakiya." Ya juyo. Idonsa ya cika da hawaye. Ya ce, "To."

Murna ta kama ni. Na ce, "Inna ce ta aiko ni. Za mu tafi gida?" Ya ce, "To. To." Nan take na kira Kano na ce da Inna ya yarda, ta soma shiri. Na ji tana guɗa a waya da muryarta ta tsufa.

Ina kashe wayar wata mata ta shigo, Misis Karol, mai koya wa masu irin ciwonsa magana. Ta ga fuskata, ta tambaye ni, na gaya mata. Sai ta ja kujera ta zauna. A hankali, don in gane, ta ce in tambaye shi ko sunansa Maryamu. Na tambaya. Ya ce, "To." Ta ce in tambaye shi ko yana so a zuba masa ruwan sanyi a kai. Ya ce, "To," yana girgiza kai, hawaye na bin kuncinsa. Kalmar da ta rage masa ke nan a duniya. Ta ƙara da cewa ba za a bar kowa ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa ba sai shi da kansa ya nuna yana so, kuma a dokarsu 'yarsa ce mai magana a kansa, ba ni ba. Sun rubuta mata, ba ta amsa ba.

Ban iya sake kiran Inna in warware maganar ba.

Wadda ta fitar da ni daga falon nan maƙwabciyarsa ce, Hajiya Memuna, mutuniyar zangon Kumasi da ke aikin kula da tsofaffi. A ɗakin wanki na ƙasan bene ta same ni ina kuka a gaban injin da na kasa kunnawa. Ta ce, "Kai ne ƙanwar Habu?" Haka Hausarsu take, mace ma kai ake ce mata. Da ta ji inda nake kwana sai ta dafe ƙirji. "Tashi ka kwaso kayanka. Yanzu." Ta ba ni gadon 'yarta da ta yi aure, ta ba ni rigar sanyi da takalmi mai gashi a ciki, ta zuba min shinkafa da wake da baƙin yajinsu. Na ci ina shessheƙa. Rabona da abinci mai zafi tun a jirgi.

Ita ta gaya min abin da aka cire daga bango. Ƙananan jitoci ne masu tsirkiya huɗu, yukulele ake ce musu. Ta ce Habu ba shi da aboki kamar su. In ya dawo daga tuƙi sai ya sauko da ɗaya ya yi ta kaɗawa a hankali, ita tana ji ta bango. "Ajiya? Wace ajiya? Da idona na ga Tanimu yana loda su a but ɗin mota. Ka tambaye shi abin da ya kai shi garin Alexandria."

Na kai wa Misis Karol labarin, sai ta miƙe tsaye. Ta ce inda waƙa take a ƙwaƙwalwa daban, inda magana take daban. Akwai waɗanda bakinsu ya tafi amma in aka sa musu kiɗa sai kalmomi su fito a cikin waƙa. Ta ce in nemo masa kayan kiɗansa.

Tanimu ya daina ɗaukar wayata. Hajiya Memuna ce ta binciko shagon kayan kiɗan da ya kai su, ta rubuta min sunan tasha, ta ce in bi jirgin ƙasa mai shuɗin layi kada in sauka sai na ga sunan. Haka na tafi Alexandria, ina riƙe da ƙarfen jirgi da hannu biyu, ina karanta kowace tasha kamar ɗaliba.

Mai shagon wani tsohon Bature ne da ya ɗaure furfurarsa ta baya. Na nuna masa hoton Yaya Habu a wayata. Fuskarsa ta washe. "Habu! Ina ya shiga? An ce min ya koma Afirka." Na gaya masa inda yake. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ashe Tanimu ya zo masa da su ne a kan cewa Habu ya tafi gida ya bar masa sallahun sayarwa. Ya saya, kuma duk sun tafi hannun mutane, saura ɗaya.

Na tambaye shi Baturen da ke bangon yayana. Ya ce ai wannan shahararren mawaƙi ne na kiɗan rok, ya rasu da daɗewa. Ya ce mutumin ya kaɗa jitoci iri-iri a gaban taron da ba a ganin ƙarshensa, na lantarki da na katako, har da mai tsirkiya goma sha biyu, masu tarin kayan kiɗa suna rububin duk wadda ya taɓa riƙewa. Amma an ce in ya koma gida yukulele yake ɗauka, yana yawo da su a bayan mota, in ya ziyarci aboki sai ya bar masa ɗaya. Ya ce Habu yakan tsaya a nan wurin da nake tsaye ya ce shi da wannan Bature 'yan'uwa ne. Wai tun da ya zo ƙasar nan ake yi wa gurminsa dariya saboda ƙanƙantarsa, har ya jefa shi ƙarƙashin gado, sai ya ji labarin babban mawaƙin da ya fi son ƙaramin abu. Daga nan ya soma tara su.

Ya shiga ciki ya fito da wadda ta rage, ya sa ta a jakarta, ya miƙo min. Na soma cewa ba ni da halin saye. Ya ce, "Ai tasa ce." Ya raka ni har tashar jirgi, don ya ga na juya wajen da ba shi ba.

Na shiga ɗakin Yaya Habu da ita kamar na ɗauko magani. Da ya gan ta ya yi wani irin gurnani, ya miƙa hannun hagu. Na ɗora masa a ƙirji. Yatsunsa suka hau wuyanta suka danna. Amma hannun da zai kaɗa shi ne wanda ya mutu. Misis Karol ta kaɗa masa. Sautin na fita ya ɓata fuska. Ta sake. Sai ya ture ta da ƙarfi ta faɗi ƙasa, ya juya fuskarsa bango yana kuka kamar yaro. Daga baya na kira mai shago, ya ce laifinsa ne. Habu ba ya ɗaure tsirkiya irin ɗaurin Turawa, nasa ɗaurin yake yi don ta yi kukan gurmi. Shi kuma da ya saya ya sauya tsirkiyoyin ya mayar da su yadda aka saba. Bai san yadda Habu ke yi ba. Ya ce mutum ɗaya ya sani Habu ya koya wa, 'yarsa, ita ya ba yukulelensa ta farko.

A wannan tsakanin komai ya soma kwance min. Shugaban makarantarmu ya aiko cewa hutuna ya ƙare, an ba wata ajina. Maigidana ya ce ƙaramar 'yarmu tana ta zazzaɓi tana kiran sunana. Inna kuma duk kiran da ta yi sai ta ce ta sa an yi wa ɗakin Habu fenti, an sayo katifa, yaushe za mu taso? Nakan ce likita ne bai sallame mu ba. Wa'adin bizata yana matsowa. Akwai ranar da na tsaya a tashar bas na manta inda za ni, bas ya zo ya tafi ina tsaye.

Hajiya Memuna ta samo min adireshin 'yar Yaya Habu a unguwar Bowie a wajen wata ƙawarta. Bowie ba irin Landover ba ce. Gidaje ne masu ciyawa a gaba, kowa da motarsa, ba mai tafiya a ƙasa. Inda bas ya ajiye ni da gidan akwai tafiya, a gefen titi nake bi motoci na watsa min ruwan ƙanƙara. Tsohuwar matarsa ce ta buɗe ƙofa. Ta kalli hijabina, ta kalli fuskata, ta ce, "Idonku ɗaya." Ba ta ce in shiga ba, amma ta juya ta kira, "Zainab!"

Budurwa ce doguwa, da rigar aikin kantin magani. Goshin Inna ne a fuskarta. Na gaishe ta da Hausa, ta gane, ta amsa da Turanci. Na yi mata bayani da guntun Turancina. Ta saurara hannunta a harɗe.

"Anti, kin san rabona da shi?" in ji ta. "Duk Asabar yana zuwa ya ɗauke ni. Rana ɗaya ya daina. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ce komai ba. Na yi shekaru ina shirya abin da zan tambaye shi. Yanzu kin zo kin ce ba shi da bakin amsawa."

Ban san dalilinsa ba, har yau ban sani ba. Sai kawai na ga kaina a durƙushe a kan dakalin ƙofarsu, ni goggonta, gwiwoyina cikin ruwan sanyi. Ta ruɗe ta kama hannuna tana cewa in tashi, maƙwabta na kallo. Ta mayar da ni Landover a motarta. Da zan sauka na ce, "Za ki zo?" Ta ce, "Ban sani ba."

Ba ta zo ba. Na ci gaba da zuwa kullum ina shafa masa mai a ƙafa, ina ba shi kunun da nake damawa a kicin ɗin Hajiya Memuna, ina ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu a unguwarmu. Yana cewa to. Na soma haɗa kayana.

Wata ranar da la'asar ina yanke masa farce aka turo ƙofa. Zainab ce, da wata tsohuwar jaka a hannu. Daga baya ta gaya min ta sha zuwa ta zauna a mota a harabar gidan jinyar ta koma. Ba ta gaishe shi ba. Ta zauna a gefen gado, ta ɓangaren da ya mutu, ta zaro wata yukulele da duk jikinta hotunan furanni ne irin waɗanda yara ke mannawa. Ta kara kunne ta yi ta murɗa makullan tsirkiya, tana sassauta wannan tana ɗaure wancan. Shi kuwa ko ƙiftawa ba ya yi. Ta ɗora masa a ƙirji. Ya kama wuyan da hagu. Ta sa hannunta na dama ta kaɗa.

Gurmi na ji. Wallahi gurmi, irin wanda yake kaɗawa a soron gidanmu Baba yana korarsa. Ya soma da gunaguni, sai murya ta buɗe, sai ga kalmomi, Hausa tsantsa, wata waƙa da shi ya ƙirƙira tun yana saurayi. Bakin a karkace, amma kowace kalma ta fita. Na zauna a ƙasa. Zainab ba ta dube shi ba, hannunta kawai take kallo, hawaye na ɗiga a kan katakon.

Tun daga ranar take zuwa bayan ta tashi aiki. Misis Karol ta koya masa ɗora gajeriyar magana a kan karin kiɗa. Ya nemi ruwa da waƙa. Ya ce ƙafarsa na ciwo da waƙa. Zainab da waya ɗaya ta karɓo makullin mota da na gida daga hannun Tanimu, abin da na yi watanni ina roƙo. Jitocin dai sun tafi.

Saura 'yan kwanaki bizata ta ƙare na ce yau zan tambaye shi. Misis Karol na nan, Zainab na kaɗawa. Na ce, "Yaya, Inna tana jiranka. Ta gyara maka ɗaki. Za ka bi ni gida?"

Ya rufe ido. Yatsunsa suka motsa. Ya rera, a hankali, gaɓa-gaɓa: "Rakiya. Ba ni zuwa."

Na ce bai gane ba, a sake. Ya sake rerawa, ya fi na farko fita.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce na bar 'ya'yana, na rasa aikina, na kwana a zaune, na durƙusa wa 'yar cikinka, duk don in ji wannan? Me zan ce da tsohuwar da ta sayi katifa? Ya yi ta ƙoƙarin rera wani abu, ya soma da sunan Inna, sauran ya ƙi fitowa. Sai ya saki wuyan jitar ya kama hannun Zainab ya riƙe gam, yana kallona. Na gane. Na fita na zauna a baranda har aka rufe lokacin ziyara. Misis Karol ta zo ta zauna kusa da ni, ta ba ni rabin lemon da take ɓarewa.

Ranar da zan tafi na yafe masa, na roƙe shi ya yafe min ihun da na yi. Ya ce to, kuma a wannan karon ina jin to ɗin yake nufi. Hajiya Memuna ta cusa min yaji a jaka tana cewa, "In ka sauka ka kira ni, kada ka manta da mu."

Ni kaɗai na shiga gidanmu. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, ta leƙa bayana, ta sake leƙawa. Na durƙusa na gaya mata komai, har ƙaryar da na yi ta yi mata a waya. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ce, "Wa ke juya shi a gado?"

Na ce ma'aikata, da kuma 'yarsa.

"Kullum take zuwa?"

"Kullum, Inna."

Ta gyara zama. "To kira min ita. Amma tsaya, koya min tukuna. Yaya ake cewa sannu da ƙoƙari da yarensu?"

Na yi tunani, na juya duk Turancin da na sani da wanda na tsinto a can. Na ce, "Inna, ba su da ita."

Ta miƙo hannu ta karɓi wayar. "To zan faɗa mata da namu. Za ta ji."